Sahun da Ke Cikin Lakar Teku

Sunan garin ya kuɓuce mini, shekarar ma haka. Abin da na riƙe, garin masunta ne a bakin wani tafki da ya ƙafe, ina zaune a zauren Sarkin Ruwa Barau. Jama'a suna so a yi ƙaura, shi kuwa ya ce jira za a yi, ruwa zai dawo.

Limamin garin, Malam Ilu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin Jatau mai dafa abinci?"

Sarki ya ce, "Faɗi, Liman."

Ya ce, "Jatau ya yi aiki a jirgin masu bincike da ke haƙo laka daga ƙasan teku. Kullum da kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, yake neman alƙibla. Wata masaniya, Dakta Talatu, ta gan shi, ta ce, 'Baba, zo ka ji labarin waɗanda suka riga ka tsayuwa a sahu. Akwai ƙwayoyin ƙarfe da suka fi gari laushi, koguna da iska ke kai su teku. Suna nutsewa suna fuskantar arewa kamar allurarka, laka ta binne su a haka. Da na'ura muke ganinsu. Amma can ƙasan lakar, kudu sahun yake kallo.'

"Jatau ya ce, 'Subhanallahi! Wa ya ja su salla?'

"Ta yi dariya, ta ce, 'Ba su yi kuskure ba, arewar allura ce ta juya. Dubi launin lakar nan kuma: ja-ja zamanin fari ne a ƙasarmu, baƙi-baƙi zamanin ruwa, suna bin juna.'"

Sarki ya miƙe zaune. "Ka ji ko! Ruwa yana dawowa!"

Liman ya ce, "Haka Jatau ya ce, ranka ya daɗe. Sai ta ɗora ɗan yatsa a kan lakar, ta ce, 'Tsawon wannan, shekara dubu ne. Jan nan na zamanin fari kuwa ya kai kamu ɗaya.'"

Sarki ya daɗe yana kallon yatsansa. Can ya ce, "A kwance rumfuna. Kwale-kwalen a bar su a inda suke."

Inda suka nufa, na manta. Amma daga baya na tambayi wani malamin ilmin ƙasa, ya tabbatar mini cewa juyawar arewa ta ƙarshe ta kai shekara dubu ɗari bakwai da tamanin.