Ango da Guntu a Karkiya Ɗaya

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana zaune lafiya da matarsa. Yana da gona babba a bayan gari, yana kuma da shanun huɗa biyu. Ɗaya baƙi ne, gajere, ƙahonsa na hagu ya karye tun yana maraƙi, shi ya sa ake ce masa Guntu. Ɗayan kuwa sabon saye ne bayan kaka, fari tas, dogo, tozonsa a tsaye kamar an kife tulu. Ranar da manomin ya koro shi daga kasuwa, mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Daga nan aka sa masa suna Ango.

Manomin ya ƙaunaci Ango ƙwarai da gaske. Ya kafa masa turke a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda inuwa ba ta gushewa. Da safe ya dama masa dusa da kanwa. Da rana ya zuba masa harawar wake. Ruwa ma ba ya barinsa ya taka zuwa rafi, sai dai a kawo masa har gabansa.

Da rani ya tsaya, lokacin kai taki gona ya yi. Maƙwabcin manomin yana da amalanke da sa guda ɗaya. Sai ya zo ya yi sallama, ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini ɗaya daga cikin shanunka in haɗa da nawa. Mu kwashe takinka da nawa, mu riƙa ɗebo ruwa ma gidajen biyu."

Matar manomin ta ce, "Maigida, ba shi su bi da bi. Yau Guntu, gobe Ango."

Manomin ya ce, "Ango? A amalanke? Karkiya ta cinye masa gashin wuya? Ɗauki Guntu, shi dama an halicce shi don wahala."

Haka aka yi. Kullum da safe Guntu ya fita da amalanke. Ya ja taki, ya ja ruwa, ya hau tudu, ya gangara kwari. A hanya ya tsinci 'ya'yan gawo, ya ci karan dawa da busasshiyar ciyawa, ya sha ruwa a rafi, ya dawo da yamma da ƙura a jikinsa, ya kwanta ya yi tuƙa.

A dā manomin shi ke bin amalanke, shi ke loda taki da shebur. Amma a ranin nan sai ya ce ba zai bar Ango shi kaɗai ba. Ya shimfiɗa tabarma kusa da turke. Duk wanda ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Kai, wannan sa!" Manomin kuwa ya ji kamar shi ake yabo. Sai ya fara cewa mai irin wannan sa bai kamata a gan shi da kwaɗon zogale ba. Ya ce wa matarsa ta daina kawo masa miyar rama da faten tsaki, wai abincin shekarar yunwa ne. Ya ce a surfa masara, a sake surfawa, har tuwo ya fito fari kamar Ango. Mai tsire ya san wurin zamansa. Mai shayi ya san yadda yake son sukari. In zafi ya yi, ya aika a kawo masa lemon kwalba mai sanyi.

Wata rana matar ta tsaya a kansu da ƙwarya a hannu, ta dube shi, ta dubi san, ta ce, "Maigida, rigarka ta zuwa sujada ta fara kuka a hammata."

Ya shafa ciki ya ce, "Ni'ima ce. Ke ba ki san ni'ima ba in kin gani?"

Ta ce, "Na sani. Ina dai tambaya ne, cikin ku biyun wa zai fara haihuwa."

Ya yi dariya, bai tashi ba.

Ana nan, sai hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu sosai. Duk manomi ya san abin da ke nan. In ba ka yi huɗa ka shuka tun da danshi ba, ƙasa za ta bushe ta yi tauri, sai ka jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranarsa sai Ubangiji. Abincin shekara duka yana rataye a 'yan kwanakin nan.

Da sassafe manomin ya kwance shanunsa, ya ɗaura musu karkiya ɗaya, ya ɗauki garma. Matarsa ta riƙe igiya a gaba, shi ya kama garma a baya. Mutane suka tsaya a bakin gona don su ga aikin Ango.

Kunyar farko ta fita da kyau. Ta biyu ta fara karkacewa, gama Guntu yana ja, Ango yana jan baya. Kafin rana ta ɗaga, Ango ya fara haki, kumfa na zuba daga bakinsa. Wuyan nan da aka yi ta tattali, karkiya ta saɓule shi har ya yi ja. Sai ya durƙusa a tsakiyar kunya, ya kwanta. Aka yi tsawa, aka ja igiya, bai motsa ba.

Matar ta waiwaya don ta ce wa mijinta ya zo su ɗaga shi. Sai ta ga ba kowa a bayan garma. Maigida yana can gindin ɗorawa, ya jingina, ya buɗe baki, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka. Guntu kaɗai ke tsaye a cikin gona, yana kaɗa jela, yana jiran a ce masa tafi.

Masu kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kafin yamma sai ga mahauci daga kasuwa ya iso ƙofar gidan, inda aka lallaɓo da Ango. Ya gaisa, ya zagaya san, ya danna cinyarsa da yatsa, ya shafa gadon bayansa, ya ce, "Tubarkalla! Maigida, ka iya kiwo. Irin wannan muke nema. Ba jijiya, ba tauri, kitse ne zalla. Wuƙa za ta shiga kamar cikin kabewa."

 Manomin kuwa a ransa yana tunani, ƙasa tana bushewa, in ya sayar yau, gobe ya nemo san da zai yi aiki.

Matar ta nuna Guntu ta ce, "Wancan fa? Ba ka taya ba."

Mahauci ya taɓe baki ya ce, "Haba Uwargida. Wancan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Duk jikinsa igiya ce. Namansa sai ya cinye itacen gida bai nuna ba. Wancan na gona ne, ba nawa ba ne." Sa'an nan ya dubi manomin a kan tabarma, daga wuya har ciki, ya yi murmushi ya ce, "Kai ma dai, Maigida, inuwar nan ta karɓe ka."

Maganar ta shiga manomin har ƙashi. Ya dubi Ango, ya ga yadda san yake kallonsa da idon yarda, shi da bai taɓa roƙon a ɗaure shi ba. Ya tuna duk yabon da aka yi ta yi a gindin darbejiya, sai ya gane yabo ɗaya ne da na mai wuƙa.

Mahauci ya taya. Manomin ya ce, "Albarka." Mahauci ya ƙara. Manomin ya ce, "Albarka." Mahauci ya ce to a faɗi abin da ake so. Matar ta ce, "Malam, an ce maka albarka. Ba kuɗinka ne ya yi kaɗan ba, san ne ba na sayarwa ba. Ga hanya, a gaida gida."

Kashegari manomin ya sauke girman kai ya tafi wurin maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya ce, "Ai Guntu ya yi mini rani, ba zan hana ka nawa ba. Amma bari in gama tawa tukuna." Da ya gama, aka haɗa sansa da Guntu, maƙwabcin ya riƙe garma, aka huɗe gefen gonar da ke da sauran danshi. Ɗaya gefen ya riga ya bushe, sai da aka jira wani ruwan, shukarsa ta yi latti. A shekarar nan rumbu bai cika ba. Ba su kwana da yunwa ba, amma sun auna kowane kwano kafin su kai niƙa.

Manomin bai jira wani rani ba. Da wuyan Ango ya warke, ya tuge turken nan ya jefa a murhu. Kullum da sanyin safiya ya kama igiya, shi da Ango su taka zuwa rafi su dawo. Da farko sukan tsaya a hanya su huta, shi yana haki, san yana haki, mata masu zuwa ɗiban ruwa suna cewa, "Sannunku da aiki, Ango da abokin ango!" Ya amsa musu da dariya. Bayan wani lokaci ya ɗaura wa Ango ƙaramin gungume yana ja. Daga gungume sai amalanke, shi kuma ya koma kan shebur ɗinsa. In ya dawo gida, abin da matarsa ta ci shi yake ci, kwaɗon zogale da ƙuli, faten tsaki da rama, wake, kunun gyaɗa, gwanda in ta nuna. Tsire ya koma na ranar kasuwa. Da dare ya yi barci mai nauyi irin wanda ya manta da shi.

Da damina ta zagayo, aka sake ɗaura wa Ango da Guntu karkiya ɗaya. Ango ya rage ƙiba, wuyansa ya yi kanta, farin nan nasa ya sha ƙasa. Ba wanda ya zo kallo. Suka huɗe gonar daga wannan baki zuwa wancan tun da danshi, manomin yana bayansu yana waƙa. Rigar zuwa sujada kuwa ta daina kuka.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwana, ku saurara da kyau.

Manomin nan kai ne, ke ce, ni ce. Ango shi ne jikin da Ubangiji ya ba kowannenmu. Ba mu muka yi shi ba, amana ce, kuma don aiki aka ba mu. Gonar ita ce abin da Allah ya sa a hannunka, iyalinka, sana'arka, hidimarka a ikilisiya. Ruwan shuka kuwa shi ne ranar da za a bukaci ƙarfinka ba tare da an yi maka sallama ba. Ranar da za ki goya mara lafiya zuwa bakin titi. Ranar da aikin mutum biyu zai dawo kan mutum ɗaya, kamar yadda ya dawo kaina lokacin da maigidana ya tafi wurin Ubangiji. Ba a ranar ake neman ƙarfi ba. Tun da rani ake tara shi.

Ku lura, manomin bai ƙi sansa ba. Ƙauna ce ta kusa kai Ango mahauta. Akwai ƙaunar da take ɗaurewa a inuwa, ta cika ciki da zaƙi da maiƙo, ta ce kada ka motsa. Muna yi wa kanmu, muna yi wa 'ya'yanmu, har muna kiranta gata. Ni daddawa nake sayarwa, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ni ya san ba a yi mini wayo a kasuwa. Abu guda na koya a can. In mai saye ya cika yabon kayanka, duba abin da yake riƙe da shi a ɗaya hannun. Hawan jini da ciwon sukari haka suke zuwa, suna murmushi, suna cewa ka iya kiwo.

Ban ce ku ƙi hutu ba. Guntu ma yakan kwanta ya yi tuƙa, Ubangiji kansa ya ba mu ranar hutu. Ban ce nama zunubi ne ba, in kun gayyace ni zan ci. Amma hutu bayan aiki yake da daɗi. Zogalen da ke bayan ɗakinki, da ramar da kike jin kunyar a gan ki da ita, Allah ne ya shuka miki su, kada ki raina. Inda ƙafa za ta kai ka, kada ka tsaya jiran babur.

Nawa 'ya'yan ma sun ce, "Mama, kin tsufa, zauna ki huta, mu za mu yi miki komai." Na gode musu, yaran kirki ne. Na ce abin da suka kawo zan karɓa, amma turken su mayar. Har yau da ƙafata nake zuwa kasuwa, da ƙafata na zo sujadar nan, kuma ina gode wa Allah.

In kuwa ka duba ka ga ka riga ka kwanta a tsakiyar kunya, kada ka fid da zuciya. Manomin bai sayar da Ango ba, Ubangiji ma bai sallama ka ba. Gobe da safe ka tuge turken, ka taka ko zuwa rafi ne. In masu ɗiban ruwa sun yi maka dariya, ka gaishe su ka wuce. In mahauci ya zo yana yabo, ka san amsar da za ka ba shi.

Albarka.