Iya Fingi da Jikokinta Uku a Akurki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ranar wata Laraba da hantsi aka yi baƙi a gidan wani manomi. Aka nemi zakara ba a gan shi ba, sai aka kama wata kaza mai 'yan tsaki uku aka yanka. Tun ba a gama fige ta ba Shirwa ta zo ta sauka a kan rimin bayan gida, ta ce, “Marayu uku! Ba ni tashi daga nan sai ruwan fari ya kore ni.”

Kakar 'yan tsakin, wata tsohuwar kaza da ake kira Iya Fingi, ta ji wannan magana. Ta kora jikokinta cikin akurki, Jatau da Delu da autarsu Kyallu, ta ce, “Ga dusa, ga ruwa a kasko. Babu mai fita sai an yi ruwa. Duk wanda ya leƙa waje, Shirwa ce uwarsa.”

To, tsare yaro a ɗaki ba ƙaramin aiki ba ne. Ba a jima ba suka fara kuka.

“Iya, mun gaji!”

“Da me?”

“Da zama. Yi mana tatsuniya.”

Iya Fingi ta ce, “Da rana tsaka? Kul! Wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi, ya kasa gane hanyar gida. Da dare kuwa mu kaji ko ido ba ma iya buɗewa. Ku zo mu yi carafke.”

Ta tara musu ƙwayoyin dawa su zama duwatsun wasa. Kafin ta nuna musu yadda ake jefawa a cafe, sun haɗiye su duka. Ta tattaro wasu, suka haɗiye. Ta ƙaro, suka haɗiye. Da azahar ta yi, gajiya ta kama tsohuwa, ta cusa kai cikin fiffike.

Ashe Gizo na nan a saƙe a rufin akurkin, kuma sun riga sun shirya da Shirwa: duk tsakon da ya fito mata da shi, ƙafafu da kai na Gizo ne. Ya sulalo a zarensa ya ce, “Wayyo, 'yan marayu, wannan tsohuwa ta san wasa kuwa? Ku zo in koya muku wasan leƙe. Wanda ya fi miƙa wuya waje shi ne sarki.”

Jatau ya ce, “Ni ne sarki!” Ya miƙa wuya, ya ƙara taku ɗaya. Fyuu! Sai gashi biyu da suka faɗo a bakin ƙofa.

Gizo ya ce wa sauran, “Ya ci sarauta, an tafi naɗa shi. Amma in kuka faɗa wa Iya, babu sauran wasa.”

Iya Fingi ta farka ta ƙirga, biyu. Ta ga gashi a ƙofa ta gane. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana cewa, “Me zan ce wa uwarku ranar da muka haɗu?” Yaran kuwa suka ɓoye mata zancen Gizo.

Washegari suka sake cewa, “Iya, tatsuniya.”

“Na ce ba a yi da rana. Ku zo mu yi 'yar tsana.”

Ta fere kara da baki, ta yi musu amarya, ta yi ango, ta yi ɗan doki. Suka yi biki suka watse, suka sake yi suka watse. A na uku Delu ta tattake amaryar ta ce, “Ba ta magana.” Iya ta je ta kwanta a bakin ƙofa ta tare hanya da jikinta, ta rantse ba za ta runtsa ba. Amma barci ɓarawo ne.

Gizo ya sauko. “Yau wasan tsallake za mu yi. Wa zai tsallake tsohuwa bai taɓa ta ba?”

Delu ta ja da baya, ta zo a guje, ta tsallake. Fyuu!

Wannan karon Iya ba ta iya kuka ba. Ta zauna tana kallon karan da ta fere. Ta ce, “Na tsare ƙofa, na tsare baki, ga shi ba abin da na tsare. Da ni aka yanka wa baƙin nan da ya fi.”

Rana ta uku ta ce da Kyallu, “Zo mu yi wasan ɓuya.”

Kyallu ta duba akurki ta ce, “A ina zan ɓuya, Iya? Kuma wa zai neme ni in kin yi barci? Gwamma in jira Baba Gizo. Ya ce yau ni za a naɗa.”

“Wa?”

“Baba Gizo na sama. Shi ya koya wa su Jatau wasa.”

Nan Iya Fingi ta gane komai. Da azahar ta cusa kai cikin fiffike, ta bar ido ɗaya a buɗe. Gizo ya sulalo yana cewa, “Auta, Auta, yau ranarki,” sai ya ji ƙafa a bayansa, caraf!

“Iya, gaisuwa na zo!”

“Na amsa.”

“Sake ni, matata Ƙoƙi na jirana!”

“Ta jira, yadda nake jiran Jatau.”

Ta zaro ciyawa daga rufi ta ɗaure shi tamau a jikin azara. Sannan ta jawo Kyallu ƙarƙashin fiffikenta ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Kyallu ta ce, “Iya, rana ce fa. Za ki ɓata.”

“Na riga na ɓata, 'yar nan. Ke dai ki ce ta zo mu ji ta.”

Ta yi mata ɗaya, ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Kyallu ba ta ko kalli ƙofa ba. Haka suka yi kwana tara, murya na shaƙewa, tsohuwa na ƙagowa, in ta ƙare ta koma farko. A ranar goma hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauka, Shirwa ta bar rimi. Iya Fingi ta fito tsakar gida da tsako ɗaya a bayanta.

Shi ya sa har yau in za a yi tatsuniya da rana, sai a ƙulle ciyawa a ce an ɗaure Gizo. Ku kuma da ake bar wa ƙanne, ku riƙe wannan: rufe ƙofa ba shi ne tsare yaro ba. Yaron da kuka hana abin da zai ɗebe masa kewa, wani zai ba shi, kuma ba ku za ku zaɓi wanin ba.

Ƙungurus kan kusu, ya faɗa kaskon dusa.