Ƙaramin Kwano a Ranar Gayya

Akwai wani manomi da wata cutar fata ta kama. Tabo jajaye suka fito masa a gwiwar hannu da ta ƙafa da cikin gashin kai, samansu fari, yana zuba kamar dusa. Ga ƙaiƙayi mai hana sukuni. In ya yi gumi, wurin ya yi ta raɗaɗi, wani lokaci fatar ta tsage.

A ƙauyensu kuwa da gayya ake noma. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, in rana ta take a zauna a sa hannu cikin kwano ɗaya. Wannan kwanon manomin yake tsoro. Sai ya daina zuwa, ya riƙa sa riga mai dogon hannu ko ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Mutane suka ce, "Girman kai ne." Da ba ya zuwa gonar kowa, ba wanda ya zo tasa. Ciyawa ta shaƙe dawarsa, alhali ita ce abincin gidansa na shekara.

Akwai wani tsoho maƙwabcinsa, Baba Jatau. Kai, wannan tsoho akwai tambaya! Abin ya tsaya masa a rai: mai girman kai ne zai yi noma shi kaɗai cikin doguwar riga? Ya taka har gonar manomin ya ce, "Ɗana, me kake rufewa?"

Manomin ya naɗe hannun rigarsa.

Tsohon bai ja da baya ba, ya ma matso. "Yana ciwo?"

"Yana yi, Baba. Amma kallon mutane ya fi ciwo."

"Matarka ta ɗauka? 'Ya'yanka fa?"

"Ko ɗaya. Likita ya ce sunanta soriyasis. Ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarta. Takan lafa, ta sake tashi, musamman in ina cikin damuwa."

"Ashe! To, me ya hana ka faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Baba Jatau ya kira gayya a gonar manomin. Aka zo don ganin girman tsohon. Da lokacin abinci ya yi, aka ajiye babban kwano a tsakiya, aka zuba wa mai gonar nasa a wani ƙarami, can gefe. A gonarsa fa, jama'a! Ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya tashi, ya je ya zauna kusa da shi, ya sa hannu a ƙaramin kwanon. "Ku tambaye shi abin da na tambaya," in ji shi. Wani ya matso ya tambaya, ya zauna. Wani ma haka. Kafin a jima tuwon ya ƙare, dole aka jawo babban kwanon zuwa wurinsu.

Cutar ba ta rabu da shi ba. Amma dawarsa ta yi, kuma ranar gayya ta gaba da 'yar shara ya fito.

Ma'anar wannan misali ita ce: doguwar rigar ita ce kunyar da ɗan'uwa yake rufe wahalarsa da ita. Ciyawar kuwa ita ce abin da ke cin rayuwarsa sa'ad da muke can muna yanke masa hukunci. Raina yakan ɓaci in na ga yadda muke saurin cewa "girman kai" ba mu tambaya ba. Ubangijinmu bai tsaya daga nesa ba, kusa ya zo ya miƙa hannu. Ku duba bencin da kuke zaune. Wa ya saba zama nan, ya daina zuwa? Kafin Lahadi mai zuwa, ku je ku tambaye shi, kuma in an kawo abinci, ku ci tare.