Jinin Cibiya da Marafa Ya Hana

Masu riƙon labari sun ce a garin Tsamiyar Goje an yi wani hakimi, Marafa Zubairu, mutum ne da ba ya maimaita magana. Yana da jika, Rumasa'u, 'yar ɗansa Nafi'u, shekararta tara. Da ciwon sikila aka haife ta. In ya taso mata, daga zaure Marafa yake jin kukanta, sai ya sallami fadawa ya zauna shi kaɗai.

Uwar yarinyar, Bara'atu, cikinta ya shiga wata tara. Likitocin birni suka ce a jinin da ke saura cikin igiyar cibiyar jariri akwai wasu ƙwayoyi na asali. In an adana su, in kuma jinin jaririn ya dace da na yayarsa, za a iya dasa mata su, su shiga ɓargonta su soma yi mata lafiyayyen jini. Amma a asibiti ake ɗibar jinin, kuma a lokacin haihuwa kaɗai.

Da Nafi'u ya kawo masa maganar, Marafa ya ce a'a. A gidansu a gida ake haihuwa, a wanke mabiyiya da cibiya a binne bayan ɗaki, ba a rage komai. Tasa tana nan, ta ubansa tana nan. Ban da haka ya ji a rediyo cewa masu wannan bincike har ɗan tayi suke farfasawa. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya fita, don bai taɓa ƙetare maganar ubansa ba.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Tabawa, ungozomar da ta yanke cibiyar 'ya'yan gidan duka. Marafa ya ji daɗi, yana zaton ta zo mara masa baya. Ya tsokane ta cewa 'yan birni na neman raba ta da rezarta. Ta ce rezar ta tsufa, mai ita ma haka. Ita dai ta zo ne don kada abin da ya kusa samun Jatau mai rogo ya same shi.

Ya ce, "Me ya kusa samun Jatau?"

Ta gyara zama ta ce, Jatau manomin rogo ne. Ubansa in ya tone rogo yakan ware sandunan da zai dasa, ragowar ya tara ya ƙone a gonar, tokar ta koma ƙasa. Jatau ya gaji wannan bai canza ba. Wata shekara cuta ta faɗa gonar ƙanensa Barau, ganye ya nannaɗe, ba sanda ko ɗaya da za ta dasu. Barau ya zo roƙon ragowar sanduna. Jatau ya ce ubansu bai taɓa barin sanda ta fita daga gonar nan ba, kuma in ya ba da sanda yau, gobe rogon da ke tsaye za a zo tumɓukewa.

Ya tara sandunan zai sa wuta, sai wata tsohuwar zabuwa da ke tono a gindin tarin ta ɗaga kai. Ta ce ya dubi gaɓoɓin sandar nan: kowace tana da ido, in ya taɓa ƙasa ya fitar da saiwa da ganye, shi kuma toka zai mai da shi. Ta ce tsoronsa irin na mutanen unguwar su Dela ne. Jatau ya tambaye ta yadda aka yi.

Zabuwa ta ce, Dela da Yalwa maƙwabta ne, masu kiwon kaji. Kajinsu suka soma yin ƙwai mai laushi, ƙafafunsu suka raunana. Mai maganin dabbobi ya ce su daka ɓawon ƙwai su zuba a dusa. Dela ta jira har kazarta ta ƙyanƙyashe, 'yan tsaki suka bi uwarsu, sannan ta tsince ɓawon. Yalwa ba ta iya jira ba, ta ɗaga kazar da ke kwanci ta farfasa ƙwayayen da 'yan tsaki a ciki. Da mutanen unguwa suka ga abin da ta yi, ransu ya ɓaci, suka hana dakan ɓawo gaba ɗaya, har wanda Dela ke tsinta. Kafin shekara ta zagayo rabin kajin unguwar sun mutu.

Zabuwa ta ce, "Hannun Yalwa ya kamata su riƙe. Ɓawon da ɗan tsako ya fita ya bari bai yi musu laifin komai ba."

Jatau ya ajiye ashana. Ya ɗaura wa ƙanensa dami uku, ragowar ya ƙone yadda ubansa ke yi. Wasu sandunan suka kama a gonar Barau, wasu ba su kama ba, amma iyalinsa sun ci rogo.

Gwaggo Tabawa ta ce, "Da ya sa wutar, da al'adar ubansa ta tsira, jikokin uban kuma su kwana da yunwa."

Marafa ya kawar da kai. Ba ya son a kai shi inda bai yi niyya ba, kuma ya ga can tsohuwar ta nufa da shi. Ya ce sandar rogo daban, jikin ɗan Adam daban. Abin da ya fito tare da yaro nasa ne, a binne masa shi cikakke.

Ta yi dariya kaɗan. "Ranka ya daɗe, ka taɓa shiga ɗakin haihuwa?"

Ya ce Allah ya kiyaye.

"To shi ya sa. Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa binne jinin nan ba. In na yanke cibiya a kan yashi yake zuba, in na wanke mabiyiya sauran ya bi ruwa. Abin da nake kai muku bayan ɗaki wankakke ne. Na Nafi'u haka na yi masa. Naka ma haka uwata ta yi."

Marafa ya ji kamar an zare masa tabarma. Duk rayuwarsa bai taɓa tambaya ba, ba namijin gidan da ya taɓa tambaya. Ya yi ƙoƙari ya sake kama wani wuri, ya ce to wa ya nemi izinin jaririn.

Ta ce ba wanda ke neman izininsa ranar da ake zubarwa a yashi. In ya girma a tambaye shi, ita ta san amsar da ɗan gidan nan zai bayar. Maganar ɗan tayi kuwa wata ce daban, malamai da likitoci suna ta jayayya a kai, ita ba malama ba ce. In an zo masa da wannan ya tsaya ya yi tambaya, ya hana in ya ga dama. Ta ƙara da cewa likitocin ma ba su yi alkawari ba, sai in jinin ya dace. Amma wanda ya bi ruwa ba a gwada shi.

Marafa ya aika a kira Nafi'u. Ya ce a kai Bara'atu asibiti, a ɗebi jinin. Gwaggo za ta bi su ta tsaya a wurin, ta dawo da mabiyiya da cibiya a binne a inda aka saba.

Sannan ya dubi tsohuwar ya ce, "Kin yi gaskiya. Na kusa hana jikata magani don tsaron abin da ban taɓa gani ba."

Ya miƙe ya shiga cikin gida. Tun da aka kawo Bara'atu bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakinta ba, saboda kunyar surukuta. Ranar ya tsaya bayan labule, ya yi gyaran murya ya ce, "Uwar Rumasa'u, ki haɗa kayanki. Ni ne na hana, ni kuma na janye."