Tafiyar Da Auta Ya Ɓoye

An yi wani mutum mai sana'ar walda, ya 'yan uwa, wanda ba a taɓa kama shi da sata ba, ba ya shaye-shaye, ba ya kuma wasa da salla. Na fara da wannan ne don kada ku zaci labarin wani tantiri zan ba ku. Mutum ne kamar ni da ku. Hannunsa kuma yana da kyau a aiki. Idan ya haɗa ƙarfe biyu, sai ka shafa da yatsa ka rasa inda aka haɗa.

Shi ne ƙarami a wurin mahaifiyarsu, don haka har ya tara gemu ana ce masa Auta. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Saura tsohuwar, da yayarsa mace da ke aure can ƙarshen gari. Ita tsohuwar ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ba sa motsi, baki ya ɗan karkace, murya ta yi ƙasa. Tana kwance a wani ɗaki can ƙuryar gidan haya, bayan tankin ruwa, inda babu abin da zai kai ka in ba nemanta kake ba. Sai an tashe ta, sai an juya ta, sai an ɗauke ta an kai ta bayan gida.

Auta ya daɗe yana son zuwa aiki ƙasar waje. Wannan ba laifi ba ne. Neman halak ne, kuma a ransa har da cewa zai saya wa tsohuwar keken guragu, ya kama mata ɗaki mai taga.

Da farko ya nema, mai shirya tafiyar ya ɓace. Ya sake nema, aka hana shi biza. Duk lokacin da ya fara shiri kuwa, yakan je ya gaya wa yayarsa da murna, ita kuma maganarta ɗaya ce:

"To Inna fa, Auta? Wa za ka bar wa ita?"

Tambaya ce kawai. Amma wani abokin aikinsa, suna zaune a bakin shago suna goge ƙarfe, ya ce masa, "Kai ba ka lura ba? Da ka faɗa mata sai abin ya lalace. Akwai bakin da in ya taɓa abu ba ya yin albarka. Ni ko kasuwa zan je ba na faɗa."

Maganar nan ta shiga zuciyar Auta ta zauna. Daga ranar ya fara kallon 'yar uwarsa da wani ido. In ta tambaye shi ya aiki, sai ya ji kamar leƙen asiri take yi. Har wata rana suka yi cacar baki a gaban tsohuwar, ya ce shi ba ya son su riƙa haɗuwa. Suka raba jinya mako-mako. Ya ce a makonsa kada ta zo, kada ta kira shi, shi ma a nata ba zai taka ƙafarsa ba. Yayar ta share hawaye da bakin mayafi ta ce to.

Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa. Da bakinsa ya rufe ƙofar.

Ana nan sai hanya ta buɗe. Wani kamfani mai ƙera jiragen ruwa a wata ƙasa mai nisa yana ɗaukar masu walda. Aka gwada hannunsa, ya ci. Aka yi masa gwajin lafiya, ya fita lafiya. Biza ta fito. A wannan karon Auta bai gaya wa kowa ba.

Ya sayar da injin waldarsa, ya ce wa mutane sabo zai saya. Ya sayi jaka ya ajiye ta a bayan shago ƙarƙashin buhu. Kayansa da ke ɗakin tsohuwar, ɗaya-ɗaya yake fita da su cikin leda, yau wando, gobe tawul. Ya sayi rigar sanyi mai kauri, yakan gwada ta a ɓoye cikin zafi har gumi ya jiƙa shi.

Tsohuwa kuwa jiki ne ya mutu, ido bai mutu ba. Wata rana ta ce, a hankali kamar yadda take magana, "Auta, ƙusar nan da kake rataye riguna ta zama fayau."

Ya ce, "Wanki na kai, Inna."

Ya je aski. Mai askin mutum ne mai barkwanci, yana sa masa ƙyalle a wuya yana cewa, "Wannan ƙeya da ba ta ganin reza sai an roƙe ta, yau ita ce ta kawo kanta? Aure ne ko tafiya? In aure ne ka faɗa in je in yi wa yarinyar jaje."

Mutanen shago suka yi dariya. Auta ma ya yi, ya ce zafi ne ya ishe shi. Ga dama ta zo masa har kan kujera. Mai askin nan maƙwabcin yayarsa ne. Kalma ɗaya ta isa. Bai faɗa ba.

Ranar tashi ta faɗo a farkon makonsa na jinya. Ya san haka tun da aka ba shi tikiti. Da ya so, da ya ce wa yayarsa su yi musanya. Amma za ta tambayi dalili, shi kuma dalilin ne ba ya son ya shiga kunnenta. Sai ya yi wa kansa dabara. Ya ce yini ɗaya ne kawai. Zai shirya wa Inna komai, in ya shiga filin jirgi ya wuce masu bincike sai ya kira Yaya. A lokacin bakin kowa ba zai iya komai ba.

Da safe ya wanke wa tsohuwar fuska, ya canza mata zane, ya juya ta. Ya jera mata burodi da ayaba da butar shayi da robar ruwa a gefen hannunta mai lafiya. Ya ba ta magani. Ya tsaya yana gyara abin da ya riga ya gyaru.

Ta kama wuyan hannunsa ta ce, "Yau ƙamshi kake yi."

Ya ce, "Aiki ne a gidan wani babban mutum. Zan ɗan yi yamma."

Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, ya dawo min da kai."

Ya so ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Amma wa ke neman gafara don zai je aiki cikin gari? Ya haɗiye maganar. Ya ja ƙofa ya rufe saboda ƙuda, ya fita.

A filin jirgi ya bi layi, aka auna jaka, aka buga masa hatimi. Ya zauna a kan kujerun ƙarfen nan masu sanyi, ya ciro waya, ya nemo sunan Yaya. Yatsansa yana kai. Sai ya tuna wani labari da abokinsa ya ba shi, na mutumin da aka dawo da shi daga bakin ƙofar jirgi. Ya ce bari dai in shiga in zauna. Ya shiga, yana ta fama da neman kujera da ɗaura bel, abin da bai taɓa yi ba. Kafin ya natsu, ma'aikaciyar jirgi ta tsaya a kansa ta nuna masa wayar ta ce a kashe. Ya kashe. Har ya ji wani sauƙi a ransa. Ya ce in mun sauka.

Suka sauka a wata ƙasa don canjin jirgi. Ya kunna waya, babu layi. Ya zagaya yana ɗaga ta sama. Mutane na ta wucewa, kowa da harshensa, bai san yadda zai roƙi kowa ba.

Da suka isa inda za su, wakilin kamfani na jiransu da mota. Ya karɓe fasfo da wayoyin kowa ya zuba a jaka, ya ce sai an gama rajista. Auta ya riƙe tasa, yana nuni da hannu, yana cewa uwa, uwa. Mutumin ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa ya zare wayar. Ya ga irinsu da yawa masu kewar gida tun ranar farko.

Aka kai su wani sansani a bakin teku, ɗakuna a jere, gado kan gado. A can ya samu wani tsohon ma'aikaci mai jin harshensa. Ya ba shi labari, mutumin ya miƙo masa wayarsa nan take ya ce kira. Auta ya karɓa, ya tsaya yana kallon lambobin. Ya 'yan uwa, bai haddace lambar yayarsa ba. Bai haddace ta kowa ba. Suna kawai yake dannawa.

Ya gwada abin da yake zato, wani baƙo ya ɗauka. Ya sake, aka ce babu wannan lambar. Kullum sai ya je ofis, kullum a ce gobe. Yana cin abinci yana lissafin burodin da ya bari. Yana shan ruwa yana ganin robar nan.

Ranar da aka dawo musu da wayoyi, nan take ya kira yayarsa. Tana jin muryarsa ta fashe da kuka.

"Auta? Kana raye? Alhamdu lillahi. Babu asibitin da ban shiga ba. Har inda ake ajiye gawa na je na duba. Kana ina?"

Ya ce, "Na yi tafiya, Yaya. Ina ƙasar waje. Inna fa?"

Ta gaya masa, ba da faɗa ba.

Ranar da makonta ya kama ta je, ta tura ƙofa ta ji ta tokare da abu. Tsohuwar ce a ƙasa. Ta ja jiki da hannu ɗaya tun daga katifa har bakin ƙofa, amma ba ta kai ga mariƙin ba. Maƙwabta sun ce sun riƙa jin tana kiran Auta, Auta, sama-sama. To ai kullum haka take kiransa. Sun ɗauka yana ciki.

An kai ta asibiti da sauran numfashi. Da ta farfaɗo ba ta ce an bar ta da ƙishirwa ba. Cewa ta yi a je a nemo yaron nan, wani abu ya same shi a hanya, don shi ba ya kwana bai zo ba. A kan wannan maganar ta cika.

Yayar ta ce, "Bakina ka ji tsoro, ko? Bakin nan shi ya laƙƙana mata kalmar shahada, Auta. Da ka gaya min, kuka zan yi, in yi maka faɗa, in zo in ɗauke ta."

Bai iya dawowa ba, don ya sa hannu a kwantiragi, fasfo kuma yana hannunsu. Ya koma bakin aiki. Amma walda aikin natsuwa ne, shi kuwa ba shi da ita. Mai duba aiki ya riƙa zagaye inda ya yi walda da alli yana cewa a sake. Aka sauke shi daga kan jirgin da ake ƙerawa aka mai da shi yankan ƙarfe. Wani lokaci sai a gan shi tsaye da wuta a hannu, ya juya kai kamar mai sauraren kira. Rannan ya kunna injin gurza ƙarfe bai sauke gilashin fuska ba, ɓarɓashi ya shiga idanunsa. Ɗaya ya tafi, ɗayan ya rage dishi-dishi. Suka sallame shi.

Ya dawo ba inji, ba ido, ba uwa. Abokin da ya ba shi shawara ya zo ya yi masa sannu sau ɗaya, bai ƙara ba. Yayarsa ce ta share masa ɗaki a gidanta. Ita ke kai masa abinci, ba ta taɓa tayar da maganar ba. An ce yakan roƙe ta ta zage shi ko sau ɗaya, ita kuma sai ta ce ya ci kafin ya huce.

To, ya 'yan uwa, mene ne zunubin mutumin nan? Ba tafiyar ba ce. Ba kuma kame baki ba ne, don ba dole ne ka yi shela da al'amarinka a kasuwa ba. Zunubinsa shi ne ya yi wa 'yar uwarsa mummunan zato ba da hujja ba, ya kuma yarda cewa bakin mutum zai iya kwance abin da Allah ya ƙulla. Tsoron nan ya girma a ransa har ya fi tsoron haƙƙin uwa. Daga nan ƙarya ta zo masa da sauƙi, jinkiri ya zo da sauƙi.

Da yawanmu muna da jaka a ɓoye a wani wuri. Wa ka bari a kwance yana jiran motsin ƙafarka? Wa ya san inda maganinsa yake in ba ka nan? Kafin ka ɗauki jakar, ka je ka zauna a gaban wanda ke da haƙƙi a kanka, ka faɗa masa, ka danƙa amanarka a hannun wani da ya ce ya karɓa. In za su yi kuka, su yi kana gani. In rabonka ne, babu bakin da zai hana jirgin tashi da kai.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga zargin 'yan uwanmu. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda ke raye kuma kada ka sa su kira sunanmu mu kasa amsawa. Matafiyanmu ka kai su lafiya, ka dawo da su su tarar da waɗanda suka bari. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana su. Amin.