Aninin da Tsamiya Ta Sa a Yatsa

An ce a wani ƙauye kusa da tsohon kufai akwai wani mutum, Jatau, wanda ya sayo na'urar gano ƙarfe, mai kai kamar faifai, wadda ke kuka in ta shinshino tsohon kuɗi a ƙasa. Tun daga ranar ƙasa kaɗai yake saurare, ko matarsa ta yi magana sai ya ce ta dakata.

Wata rana da azahar na'urar ta tsala kuka a gindin tsamiyar da kakansa ya dasa, inuwa ɗaya tak da ta rage wa masu dawowa daga gona. Jatau ya ɗauko gatari zai sare saiwa. Iska mai daɗi ta kaɗa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa tukuna. Yana tsakanin barci da ido biyu sai ga wata tsohuwar gafiya ta zauna a kan ƙotar gatarin.

Ta ce, "Malam Jatau, sannu da kiwon ƙarfe. Kada ka yi irin ta kakata."

Ya ce, "Baiwar Allah, me kakarki ta yi?"

Gafiya ta ce:

"Kakata ta kasance mai tara aninai a raminta, nan ƙarƙashinka. Ran nan mafarauta suka tura mata hayaƙi. Ta cika kumatu da aninai ta nufi ƙofar gudu, kai ya ƙi wucewa. Sai wani anini ya yi magana daga cikin bakinta, ya ce, 'Uwar ɗakina, ji labarin falken da na fara zama a hannunsa.' Ta ce, 'Faɗi da sauri.'

"Anini ya ce, 'Falken nan ya taɓa leƙa hujin da ke tsakiyata, ya hango garinsu kaf a ciki, har da masallaci da marina. Daɗi ya kama shi, ya ce ashe duniya duka a cikin anini take. Daga nan ko tafiya yake, ina manne a idonsa. Bai daina ba har ya taka bakin rijiya. Gari ya shiga hujina, amma abin da ke gaban ƙafarsa bai shiga ba.'

"Kakata ta ce, 'Ai an ce gafiya tsira da na bakinki.' Anini ya ce, 'Mai gyaɗa a baki ake gaya wa haka.' Ta tofar da su, ta fice. In kunne ya ji, jiki ya tsira. To, abin da ta tofar shi na'urarka ke wa kuka. Tona da hannu ka gani."

Jatau ya farka, babu gafiya. Ya sa yatsu ya tona a hankali, sai ga anini ya yi kore, saiwar tsamiya ta ratsa hujinsa ta yi kauri, kamar zobe a yatsan tsohuwa. Ba ya fita sai an sare ta. Tausayi ya kama shi, da kunyar kakansa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Na ji, baiwar Allah. Tsamiya ta riga ni sawa."

Ya mayar da ƙasa, ya kashe na'urar. Sai a lokacin ya ji kurciyoyi na kuka a saman tsamiya, can nesa kuma matarsa na kiransa. Ya amsa.