Manomin da Ya Ƙi Sare Karansa

Akwai wani manomi da gonarsa take bakin burtali, hanyar da shanu ke bi in za su gangara kudu neman ciyawa. Kowace kaka, da an gama yankan dawa, wani makiyayi yakan iso da garkensa ya sauka a gonar. Manomin yakan bar masa kara a tsaye, shanu su ci, su bar masa taki. Da haka abin ya fara tun suna samari, kafin su ankara sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Makiyayin ya yi rawa ranar auren manomin, rawar da aka daɗe ana dariyarta a garin. Yana kuma cikin waɗanda suka haƙa kabarin matar bayan shekaru masu yawa.

Sai wata kaka makiyayin bai zo ba. Ta gaba ma shiru.

Manomin ya ci gaba da barin karansa. Maƙwabta suna sare nasu su yi danga, su hura wuta, nasa kuwa gara ke ci. Garar garin ba ta taɓa samun maigida mai kirki irinsa ba. 'Ya'yansa sun watse birane, tsaransa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, gidan ya yi masa girma. Da yamma yakan zauna a bakin gona yana duban burtali. In ya ji kukan saniya sai ya miƙe ya duba, amma kullum garken baƙo ne. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ba shi kuma da wanda zai faɗa wa.

Wata rana 'yarsa ta zo ganinsa, ta ce, "Baba, ka sare karan nan mana. Mutumin nan ko ya mutu, ko ya manta da kai."

Ya ce, "Da ya mutu, da labari ya iso ni." Amma mantuwar ce yake tsoro. Ba ya so ya shiga kabari bai sani ba ko abokinsa ya yar da shi.

Ana nan, wani mai fataucin gishiri ya sauka a garin, ya ce masa, "Can ƙetaren kogi akwai wani tsoho mai tufka igiya a kasuwa. Duk wanda ya fito daga garin nan sai ya tambaye shi ko kana da rai. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, amma ni bakina ba ya ajiya."

Manomin ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, gwiwoyinsa suna ƙorafi. Ya tarar da abokinsa zaune a kan buhu, ya rame, gashi ya yi fari fat. Makiyayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Annoba ta share garkena, ko ɗan maraƙi bai rage ba. Da me zan zo gonarka? Kunya ta hana ni in zo hannu rabbana."

Ran manomin ya ɓaci. Ya ce, "Kai! Ka taɓa ganina ina hira da saniya? Ashe saboda kashin shanu ka bar ni ina tsufa ni kaɗai!"

Makiyayin ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, suka rungumi juna a tsakiyar kasuwa. Manomin ya koma gida da shi. Amma ba su daɗe tare ba, makiyayin ya rasu a ɗakin abokinsa. Manomin ya gode wa Allah da ɗan abin da suka samu, ya kuma yi kukan shekarun da suka zubar a banza.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Makiyayin ya auna kansa da shanunsa, da suka ƙare ya zaci shi ma ya ƙare. Manomin kuwa ya riƙe amana, amma ya zauna jira, bai tashi nema da wuri ba. Dukansu suna ƙaunar juna, dukansu kuma suka sha kaɗaici. Ubangijinmu Yesu bai jira mu kawo masa kome ba, shi ya taso ya neme mu muna hannu wofi, ya kira mu abokansa.

Kowannenmu yana da wani tsohon aboki a nesa. Wataƙila ka daina nemansa domin duniya ta juya maka baya, ko kuwa kana cewa shi ya kamata ya fara. In an tashi daga sujada yau, ka neme shi. Kada ka ce sai ka sami abin kai masa. Kai yake jira, kuma shi ma tsufa yake yi.